Yunwar Uwa da Ƙibar 'Ya'ya

A hunturun 1944 zuwa 1945, lokacin yaƙin duniya na biyu, yunwa ta addabi yammacin ƙasar Holan. Yaran da aka ɗauki cikinsu a lokacin, da suka manyanta, ƙiba da ciwon sukari da ciwon zuciya sun fi kama su. A 2008 masana suka gano cewa yunwar ba ta canza ƙwayoyin gadonsu ba, amma ta sauya 'yan alamun da ke kunna ƙwayoyin ko kashe su, kuma sauyin yana nan bayan shekara 60. Jikin da ya sha rashi tun a ciki, in ya samu yalwa sai ya yi ta tara kitse. Shi ya sa a rabon hatsi muke farawa da masu juna biyu.