Ƴan sarin kiredi da mai amsa waya: daga ina gardamar ke tasowa?

A Belbeji da ƙauyukan Tarka, duk mun san mai sayar da kiredi: yana zaune a rumfa, ga faranti mai aiki da hasken rana yana cajin wayoyi, ga littafin bashi a gefe. Wanda ba mu gani shi ne mutumin da yake kira idan ciniki ya cije, wato ma'aikacin da ke amsa kiran ƴan sari a wajen dila ko a kamfani. Sau da yawa kiran nan da faɗa yake ƙarewa, kuma kuɗin mutane ne ke maƙale a tsakani.

Kamfanonin waya huɗu ne a Nijar: Airtel, da Moov Africa, da Zamani Telecom wanda ya gaji Orange bayan sayar da shi a 2019, sai Niger Telecom da aka kafa a 2016 bayan haɗe Sonitel da SahelCom. Dukansu hedikwatarsu na Yamai. Ba su bin ƙauye-ƙauye da kansu. Manyan diloli suke ba kaya, su kuma su sayar wa ƙanana, har ya iso hannun mai rumfa. Kowa a hanya yana cire la'adarsa, abin da ke isowa na ƙarshe ɗan kaɗan ne. Shi ya sa idan jika biyar ta ɓace masa, ba ribar yini ɗaya ta tafi ba, jarin ne aka gutsura. Wanda ke amsa waya, idan bai san wannan ba, zai ɗauka mutumin yana ihu ne a kan ƙaramin abu.

To, me ma'aikacin zai iya yi? Yana ganin lambar da aka tura wa, da lokaci, da adadi, da lambar shaidar cinikin. Zai iya rubuta ƙorafi ya miƙa sama. Abin da ba zai iya ba shi ne ya danna wani abu nan take kuɗi su dawo don kawai an kira an ce an yi kuskure. Nan ne ƴan sari da dama ke ganin rowa ce ko wulaƙanci. Amma mu duba: da haka tsarin yake, ai kowane ɓarawo sai ya sayi akuya a kasuwa, ya biya ta waya, ya koma bayan rumfa ya kira ya ce kuskure ne. Dole sai an bincika, wani lokaci sai an tuntuɓi wanda kuɗin suka shiga wajensa. Idan kuwa kiredi ne kuma har an cinye shi da kira, maganar dawowa ta yi wuya. Ma'aikaci nagari yakan faɗi wannan tun farko, ko da mai kiran ba zai ji daɗi ba. Wanda ke cewa “kar ka damu, yanzu-yanzu za su dawo” don a rabu lafiya, shi ke haifar da kira na biyu da na uku, kuma waɗancan sun fi zafi.

Akwai kuma rikicin da mu kanmu muke jawowa da bakinmu, wato lissafi. Mu da dala muke ƙirga, na'urar kamfani kuwa da faran take ƙirga. Dala ɗaya faran 5 ce. Idan mai rumfa ya ce “na tura ɗari biyu”, jika ɗaya yake nufi, faran 1.000 ke nan. Ma'aikacin na duba allonsa yana neman 200, bai gani ba, sai ya ce babu. Mai rumfa ya ce ana ƙaryata shi, shi ke nan murya ta tashi. Tambaya guda ke kashe wannan wutar: “Malam, da dala ko da faran?” Ƙwararru ba su wuce ta, kuma sukan maimaita lambar wayar biyu-biyu har ta cika takwas kafin su ce komai.

Sai rezo. A wuraren da yake ɗaukewa yana dawowa, saƙon tabbaci kan yi jinkiri, mai saye na tsaye yana cewa bai gani ba, sai a sake turawa. Daga baya duka biyun su shiga. Kafin a sake, a duba abin da ya rage a asusu: idan ya ragu, to kuɗin sun fita.

Masu kira iri-iri ne. Mai fushi ya fi sauƙi a kan yadda ake zato: a bar shi ya gama, a kira shi da girmansa, Alhaji ko Malam ko Hajiya, sannan a koma kan lamba da lokaci. Zagi kam ba dole ba ne a jure shi. Ana iya yi masa gargaɗi sau ɗaya, in ya ci gaba a ce masa ya sake kira idan ya huce. Wanda ya fi wuya shi ne mai daɗin baki, wanda zai ce “ƙanena, a ba ni kaya bashi zuwa ranar kasuwa, ai ka san ni”. Kayan ba na ma'aikacin ba ne, kuma idan ranar kasuwa ta wuce shiru, shi za a tambaya. Gara ya ce a'a cikin ladabi, ya haɗa shi da mai ikon ba da bashin. Mu ƙara da cewa a wuraren amsa kira ana lura da tsawon kowane kira, don haka in aka taƙaita gaisuwa ba raini ba ne, duk da mu ƴan Damargu ba mu saba shiga magana ba tare da mun tambayi gida da gajiya da dabbobi ba.

Tambayoyin da ke ba mutane haushi, sunan wa ke kan layin, yaushe aka yi ciniki na ƙarshe, su ne katangar da ke hana ɗan damfara ya yi shigar mai rumfa. Matsalar ita ce layuka da yawa a karkara da takardar wani aka yi musu rajista, wa ko ƙane ko maƙwabci, wanda wataƙila yana ci-rani a Libiya ko Aljeriya. Ran da matsala ta taso, mai layin na gaskiya ba ya iya tabbatar da nasa ne. Ya kamata a gyara wannan tun lafiya lau. A ɗaya ɓangaren kuma, duk wanda ya kira ku ya ce daga kamfani yake, ya nemi lambar sirri, ku kashe wayar. Ma'aikacin gaskiya ba ya buƙatar ta.

Ba mu wanke masu amsa waya ba fa. “Ana dubawa” ba amsa ba ce ga wanda iyali ke jiran kuɗin hatsi a tsakiyar damina, ga Damagaram da nisa, daga Tanut ma kusan kilomita 150 ne. Mai kira na da haƙƙin ya ji sunan wanda ya amsa masa, da lambar ƙorafinsa, da ranar da zai sake tuntuɓa, ya rubuta su a littafinsa tare da lambar shaidar cinikin, kuma kada ya goge saƙon. Idan kamfani ya yi shiru, akwai hukumar ARCEP da aka kafa a 2018 don sa ido kan harkar sadarwa da gidan waya, kuma waɗannan lambobin ne za su tsaya masa a can.