"Esenshal": Abin Bukata Ko Abin Da Ya Yi Wuya?

'Yan'uwana mata, duk wadda ta yi cefane a 1984 ba za ta manta da kalmar nan "esenshal" ba. Turanci ce, ma'anarta abin da zama ba ya yiwuwa sai da shi. Amma a bakin jama'a sai ta koma nufin abin da ba ya samuwa ko da kuɗinki a hannu.

Ga mafarin abin. Farashin man fetur ya faɗi, gwamnatin Shagari ta tsuke bakin shigo da kaya daga waje a 1982. Madarar gwangwani, sukari, sabulu da shinkafa suka yi ɓatan dabo, wasu 'yan kasuwa suka ɓoye nasu. Da sojoji suka karɓi mulki a ƙarshen 1983, sai aka riƙa sayar da su a layi. Yaro ya kama layi tun asuba, wata rana ya komo hannu rabbana. Har ƙawarki in ta yi wuyar gani sai ki ce ta zama esenshal.

To, ke 'yar makaranta, in kalmar ta fito a jarrabawa, ba da ma'anarta ta asali.

Ke kuma uwargida, ba duk abin da ya yi wuya ne ya zama dole ba. Matan da suka rasa madara a lokacin kunun gyaɗa suka dama, suka yi wanka da sabulun salo, gida bai tashi ba. Kafin ki kwance bakin zane ki biya ninki, tambayi kanki: bukata ce, ko kuwa don kowa na nema ne?

Allah ya ba mu wadatar zuci.