Yadda Injuna Ke Rarrabe Magana A Kan Waya

Ran da na fara gwajin koyarwa na ba yara shifta, na yi ta zuba ba numfashi. Da na karɓi littattafai sai na tarar kalmomi sun manne da juna, ba a san kai ba balle gindi. Ashe injunan masana'antu ma suna da wannan wahala.

A masana'anta akwai wata na'ura da a ke kira PLC, ita ke ba injuna umurni: buɗe famfo, tsai da bel. Umurnin nan ta waya ya kan bi, bugu ɗaya bayan ɗaya, kowane bugu ko 0 ko 1. To, yaya mai karɓa zai san inda harafi ya soma?

Ga dabarar. Sa'ad da ba magana, waya tana zaune a kan 1. Mai aikawa sai ya sauke ta zuwa 0, watau sallama ke nan. Sa'an nan bugu 8 na harafin su biyo, da wani guda wanda aikinsa ya sa jimlar 1 ta zama cika ko mara, yadda aka shirya, kana bugun rufewa. Duka 11.

Wannan harafi ɗaya ne kurum. Don saƙo sukutum, kamfanin Modicon na Amurka ya fito da ƙa'idar Modbus a 1979. A irinta da a ke kira RTU, saƙo ya kan fara da lambar wanda a ke kira, daga 1 zuwa 247, sai aikin da a ke so, sai bayani, sai haruffa 2 na lissafin bincike. Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne iyakar saƙo ba wata alama ba ce, shiru ne, na tsawon haruffa uku da rabi. In ana bugu 9,600 a daƙiƙa, shirun bai fi kashi 4 cikin 1,000 na daƙiƙa da wani abin kirki ba. Numfashin da na hana yarana ke nan!

In lissafin bai yi daidai ba, mai karɓa ba ya gardama, ba ya kuma aikata kome. Ya kan yi gum, har mai aikawa ya gaji da jira ya maimaita. A ganina gara haka da a buɗe famfon da ba shi aka nufa ba. Amma fa in an saita ɗaya a 9,600, ɗaya a 19,200, sai a wuni ana kira ba amsa, alhali waya lafiya lau ta ke.