Ingancin Ƙira a Ƙaramar Bindigar SIG P210

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bayyana abin da ya sa masana harkar makamai suke sanya ƙaramar bindigar nan ta ƙasar Suwizalan, wato SIG P210, a sahun gaba wajen kyan ƙira, sa'an nan mu nuna yadda ingancin nata ya zamo sanadin ajiye ta.

A 1937 kamfanin SIG da ke garin Neuhausen ya sayi izinin amfani da tsarin da Charles Petter ya zana wa bindigar sojan Faransa ta 1935. Bayan an daɗe ana gyare-gyare, rundunar sojan Suwizalan ta karɓe ta a 1949. Tana ɗaukar harsashi 8 masu kaurin milimita 9, tsawon bututunta milimita 120 ne, nauyinta kuwa kimanin giram 900. Irin bindigar nan ce mai tofar da kwanso ta ɗura sabon harsashi da kanta, amma kowane harbi sai an ja kunama.

A ganinmu abubuwa uku ne suka fifita ta. Na farko, gangar jikinta da marfin saman da ke zamewa baya idan an yi harbi, daga curin ƙarfe ake sassaƙo su da inji, ƙwararru kuma su daidaita su da hannu. Na biyu, a yawancin bindigogi marfin ne yake rungumar gangar jiki ta waje, amma a nan cikin kwarin gangar jikin yake tafiya, kusan daga farkonta har ƙarshe. Saboda haka ba ya girgiɗi, kuma bayan kowane harbi bututu yana komawa daidai inda ya tashi. Wannan shi ne asirin saitinta, domin akan gwada ta a ma'aikata daga nisan mita 50, ana bukatar harsasai su taru cikin faɗin santimita 5. Na uku, gudumar da ke bugun harsashi da sassan da ke sakinta a haɗe suke wuri guda, ana iya zare su gaba ɗaya a goge a mayar.

To, amma irin wannan aiki yana cin lokaci da kuɗi. Shi ya sa a 1975 sojan Suwizalan suka koma ga P220, wadda aka yi marfinta da fallen ƙarfe da inji ya lanƙwasa, gangar jikinta kuma da alminiyom. Sojan Denmak kuwa, waɗanda su ma suka karɓe ta a 1949, sun riƙe ta kusan shekara 70.

A taƙaice, darajar P210 ta dogara ne ga yadda sassanta suka zauna da juna. Tambayar da za mu bar wa mahalarta wannan taro ita ce: wajen auna tsadar kayan aiki, kuɗin ƙera shi ya kamata a duba, ko kuwa yawan shekarun da zai yi yana aiki?