Yaro mai ciwon sukari ya girma: gaskiya da ƙarya kan komawa wajen likitan manya

A ƙauyukan Dambatta, Makoɗa, Bichi da Kunci akwai iyayen da suka shafe shekaru suna hawa mota da ɗansu zuwa Kano, sashen yara na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko na Murtala, saboda ciwon sukarin da ke kama yara, wanda likitoci ke kira nau'i na ɗaya. Ranar da likita ya ce yaro ya girma, za a mayar da shi ɓangaren manya, sai magana ta tashi a zaure da bakin kasuwa, kowa da abin da ya ji.

Mafi haɗarin maganganun ita ce, "Ai tun da ya balaga ciwon ya sake shi, shi ya sa suka sallame shi." Ƙarya ce. A wannan nau'i, garkuwar jiki ce ta lalata ƙwayoyin da ke samar da sinadarin insulin, kuma girma ba ya dawo da su. Jita-jitar dai tana da inda ta samo tushe: bayan an fara yi wa yaro allura, akan sami wasu watanni da buƙatarsa ke raguwa, har iyaye su ɗauka ya warke. Wannan sauƙi na ɗan lokaci ne. Balaga ma ƙara buƙatar insulin take yi, domin sinadaran girma suna rage masa ƙarfi a jiki.

Sai masu cewa a wajen manya ƙwaya ake bayarwa, allura ta ƙare: "Ga Alhaji nan, shekara da shekaru ƙwaya yake sha." Ciwon Alhaji nau'i na biyu ne, jikinsa yana samar da insulin, shi ya sa ƙwaya irin metformin take masa aiki. Matashin nan kuwa idan ya ajiye allura, cikin kwana ɗaya zuwa biyu amai da ciwon ciki da numfashi sama-sama na iya sarƙe shi, daga nan sai suma. Kafin a fara yi wa wani yaro mai suna Leonard Thompson allurar insulin a Toronto ta ƙasar Kanada a Janairun 1922, yaran da ciwon ya kama ba sa daɗewa a duniya. Shuwaka da zogale ma, duk da yabon da masu tallar magani ke musu ranar kasuwa, ba sa maye gurbinta.

Inda jama'a suka yi gaskiya shi ne cewa sauyin yana da wuya. A sashen yara kowa ya san yaron, uwa ce ke riƙe da kati, ita ke tuna ranar komawa. A sashen manya zai tsinci kansa a layin dattawa sa'annin kakansa, kunya ta hana shi tambaya, kuma idan bai zo ba da wuya wani ya neme shi. Binciken da aka yi a Turai da Amurka ya nuna a wannan tsakani ne matasa da dama ke daina zuwa asibiti, sukarinsu ya hau. Shi ya sa ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta Amurka ta ba da shawarar a fara shirin aƙalla shekara guda kafin a koma. A wurinmu lamarin ya fi tsanani, don shekarun nan su ne na tafiya ci-rani, na makarantar kwana, na aure. Saurayin da zai tafi Legas bayan an gama girbi ya riƙa sanin inda zai sayi allura a can tun kafin ya hau mota. Rashin lantarki kuma ba hujja ba ce: kwalbar da aka fara amfani da ita tana kai kusan mako huɗu idan ba ta sha zafi ba, kuma tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, irin wadda Malam Muhammad Bah Abba na Jigawa ya yaɗa har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000, tana rage mata zafin bazara.

Batun aure, cewa mai ciwon sukari ba za ta haihu ba, ba haka ba ne. Tana haihuwa. Sharaɗin shi ne a daidaita sukarin tun kafin a ɗauki ciki, a kuma yi awo da haihuwa a babban asibiti. Ɓoye wa mijin da za ta aura ciwon, kamar yadda wasu iyaye ke yi don gudun kada a fasa, jefa ta cikin haɗari ne, domin shi zai ba ta sukari ranar da sukarinta ya faɗi, jiri ya ɗebe ta.

Azumi kuwa yakan zo daidai da sauyin, saurayi na jin kunyar a gan shi yana ci. Shari'a ta ba marar lafiya rangwame, likitoci kuma suna lissafa wannan nau'i cikin masu haɗari. Wanda likita ya amince masa ya gwada, idan awon sukari ya nuna ƙasa da 70 ko sama da 300, ya karya nan take.

Iyaye, kada ku bar sashen yara sai da takardar da ta nuna sunan allurar, yawan da ake yi, da sakamakon awon ido da na ƙoda, tare da ranar ganin likitan manya. Ziyarar farko ku raka shi, amma ku bar shi ya amsa tambayoyin likita da bakinsa.