Telebijin falan-falan: wace za ka saya da ɗan kuɗinka, kuma yaushe?

 Duk shekara da an gama kaka, an sayar da wake da gyaɗa, maganar telebijin sai ta taso a gidaje da yawa, daga Dogon Dutsi har Matankari, Tibiri da Kore Mairuwa. Yara na son ƙwallo, mata na son fim ɗin Hausa, maigida na son labarun Télé Sahel. To amma sau nawa aka kawo sabuwa dal, wata uku ba su cika ba ta mutu, kuɗin buhunan wake suka bi ruwa? Ga abin da ya kamata a duba kafin a biya.

Fara da wutar gidanka

Tambaya ta farko: da wace wuta za ka kunna ta? Kuran ɗin NIGELEC volt 220 ne, kuma kaso babba daga Najeriya yake shigowa, ta layin Birnin Kebbi. Kowa ya tuna yadda aka sha duhu lokacin da aka yanke shi cikin watan Agusta 2023. Ɗaukewar wuta kanta ba ta cika kashe telebijin ba. Dawowarta da ƙarfi, ko hawa da saukar da take yi da bazara, su ne ke ƙona ta. Saboda haka kuɗin regilater yana cikin kuɗin telebijin. In jikka ɗari gare ka, kar ka zuba su duka kan telebijin ɗin.

Mutanen ƙauye masu pano, ku nemi wadda ke aiki kai tsaye da batir volt 12. Mai inci 32 tana cin kamar watt 30 zuwa 50. Mu ce 45: awa biyar na kallo ya zama 225, ga dekoda kuma da nata ɗan ci. Batir mai lamba 100Ah yana riƙe kamar 1.200, amma rabi kawai ya kamata a taɓa in ana so ya daɗe. Ke nan zai ɗauki mai inci 32 da ƙwan fitila biyu ko uku lafiya lau. Ka ɗora masa mai inci 55, batirin zai yi saurin ƙarewa.

Girma da rubuce-rubucen kwali

Incin nan, da masu shago ke ce wa "pus", daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi. Inci 32 santimita 81 ne, inci 43 kuma 109. In kana shakka, tafi da igiyar awo ta tela, don akwai kwalin da ke faɗin 43 alhali ta ciki ba ta kai ba. Ɗakin da ake zama nisan mita biyu da allo, 32 ta wadatar. Mai gidan kallon ƙwallo ne ke bukatar 43 zuwa sama.

Za ka ga an rubuta HD, Full HD ko 4K. Yawan ɗigon hoto ne. 4K ta fi tsada, amma tashoshin da muke kamawa da parabol ba su aiko hoto mai wannan tsabta ba, ke nan ka biya abin da idonka ba zai gani ba. Haka mai suna Smart: sai da intanet take amfani, kuma awa ɗaya ta bidiyo mai tsabta na iya cinye jiga guda. In rezo na wahala a garinku, ta talaka ta ishe ka. Abin da ba a bari: ramin USB na sa kile, ramin HDMI aƙalla biyu, da rubutun DVB-T2 na kama tashoshin TNT da eriya. In har da S2, tana karɓar wayar parabol ba sai da dekoda ba, ga tashoshin kyauta.

Gwaji a gaban mai kaya

Suna a jikin gilashi ba hujja ba ce. Ana manna sunayen manyan kamfanoni irin su Samsung da LG kan kayan da ba nasu ba. A buɗe kwali a gabanka, a kunna, a shiga cikin menu da telekomand: suna da lambar da ke ciki su yi daidai da na takardar baya. A sa farin hoto, sannan baƙi, ka duba ko da ɗigo ko layi. A bar ta minti goma sha biyar tana aiki. Ka karɓi takardar sayayya mai kwanan wata da tsawon garanti a rubuce. Garantin baki, iska ne.

Wasu na tsallakawa Birnin Kebbi ko Sakkwato saboda naira ta faɗi tun 2023. Wutarmu da tasu iri ɗaya ce, ba matsala. Amma ka lissafa kuɗin mota, na duwan, da wahalar komawa in ta lalace. Wani lokaci ta Doso ko ta Yamai ce mai arha a ƙarshe.

Yaushe za a saya?

Lokacin da kowa ke nema, mai kaya ba ya ragi: jajibirin Sallah ƙarama da ta layya, makonnin farko bayan kaka, da gab da gasar CAN ko kofin duniya. Da an ƙare gasa, ko damina ta kama kuɗi sun tafi gona, kasuwa na yin sanyi, ciniki na yiwuwa. Manyan kamfanoni kuma a watan Janairu suke nuna sabbin samfura, na bara sai su sauka. Tambayi samfurin bara, hotonsa bai bambanta ba.

Ƴan'uwa na waje, ku saurara. Rangwamen ƙarshen Nuwamba a Turai gaskiya ne, amma gilashin nan siriri ne, doguwar tafiya bisa kan mota na fasa shi. Ta Amurka kuwa an yi ta don volt 120, kuma ba ta kama TNT ɗinmu. Turo kuɗin ya fi, a saya nan kusa da mai gyara, a aiko maka hoton takardar.

In ta shigo gida, a rufe ta da ƙyalle saboda ƙurar hunturu, a bar mata iska ta baya, a cire wayar wuta da ta parabol da hadari ya haɗo. Kuma kar a taɓa hatsin rumbu saboda ita. Maigida ya fara lissafa abincin gida har sabon gero, abin da ya saura shi ne kuɗin kallo.