Furen da Ba Ya Sammako

Duk wanda ya koyi ɗaukar hoto an taɓa gaya masa cewa hasken safiya da na yamma su ne na kirki, na tsakar rana kuwa ƙona hoto yake yi. Haka ne. Amma a Namakwaland, can arewa maso yammacin Afirka ta Kudu, wanda ya riƙe wannan karatu zai yi sammakon banza.

Yankin busasshe ne, duwatsu da jar ƙasa, akuya ma sai ta sha yawo kafin ta cika ciki. Ɗan ruwan da suke samu a lokacin sanyinsu yake sauka, wajen Mayu zuwa Yuli. In ya wadata, irin da ya daɗe kwance cikin ƙasa sai ya farka. A Agusta da Satumba, lokacin da muke tsakiyar damina, filin ya rikiɗe ya zama ruwan goro da ruwan ɗorawa da fari da shunayya, iya ganinka. Tsirran yankin sun haura iri 3,000. Masu kyamara kan taso daga Cape Town su bi hanyar N7 zuwa Kamieskroon, su shiga Skilpad cikin gandun dajin Namakwa, wasu su zarce Springbok.

To, furannin nan 'yan hutu ne. Da dare rufewa suke yi, ba kuma sa buɗewa sai hantsi ya dubi ludayi, wajen ƙarfe 10 ko 11, ƙasa ta ɗumama. Ranar da gari ya lumshe ko sanyi ya yi yawa, ko leƙowa ba za su yi ba, komai nisan inda ka fito. In sun buɗe kuma, rana suke fuskanta. A can rana ta arewa take karkata, saboda haka ka ba ta baya ka dubi kudu. Ka juya ɗaya ɓangaren, sai ka ga ƙeyarsu kawai.

Kaifin hasken kuwa yana da magani. Lema ko farin ƙyalle tsakanin rana da furen da kake so zai tausasa shi. Iska ta fi damuna, domin karan siriri ne, ba ya tsayawa. A nan sai ka sa kyamara ta ƙifta da sauri, kamar 1/500 na daƙiƙa, ko ka yi haƙuri ta lafa. Sa'annan ka sauko. Hoton tsaye kowa na da shi, shimfiɗar launi ce kurum. Durƙusa har idon kyamara ko na wayarka ya yi daidai da kan fure. A nan ne za ka ga irin Gorteria, mai baƙaƙen ɗigo masu sheƙi a kan ganyen furensa, tamkar ƙuda ya sauka. Namijin wani ƙaramin ƙuda kan ɗauka mace ce, ya faɗa mata, ya tashi da garin furen a jikinsa zuwa na gaba.

Durƙuson dai a bakin hanya za a yi shi. Furen da aka take kafin ya zuba iri ya tafi da na baɗi. A 2019 sai da hukumar garin Lake Elsinore a Kalifoniya ta rufe kwarin Walker na ɗan lokaci, saboda tururuwar masu zuwa hoton furanni ta fi ƙarfinta.

Da la'asar, wajen ƙarfe 4, za ka ga furannin sun fara naɗewa ɗaya bayan ɗaya, launin yana dusashewa tun rana ba ta faɗi ba.